Kore, fari ko daimon: wane sinadari ya dace da fatar gugar wuƙarka?

Wuƙar da aka ɗago daga kan dutsen washi ba ta gama yin kaifi ba tukuna. A can ƙarshen bakinta akwai wata 'yar geza ta ƙarfe, siririya ƙwarai, wadda dutse ya tura gefe guda amma bai tsinke ta ba. In ka shafa babban yatsa a hankali daga bayan wuƙar zuwa bakin, za ka ji tana ɗan kama fatar yatsan. Gezar nan tana yanka takarda, har gashin hannu tana askewa, sai mutum ya ɗauka aiki ya kammala. Da wuƙar ta taɓa katako ko ƙashi sai gezar ta kwanta a kan bakin, wuƙa ta koma kamar ba a taɓa wasa ta ba. Guga a kan fata ita ce ke cire wannan geza, ta kuma share zanen da dutse ya bari. Fata zalla tana iya yi, amma da nawa, domin kusan ba ta cin ƙarfe. Shi ya sa ake shafa mata sinadarin guga, wato ƙananan ƙwayoyi masu tauri da aka kwaɓa da kaki ko kitse ko mai ko ruwa.

Yawancin masu saye da launi suke tambaya: a ba ni kore, a ba ni fari. Launi kuwa ba ma'auni ba ne da kamfanoni suka yi ittifaƙi a kai. Kamfanin Bark River na Amurka yana sayar da baƙi a matsayin mafi kaushi, kore a tsakiya, fari mafi laushi. Dovo na Solingen a Jamus, masu yin askar aski, nasu koren shi ne mafi kaushi, ja na biye, baƙi kuma shi ne mafi laushi, sannan ruwan ɗorawarsu ba ya cin ƙarfe ko kaɗan, man gyaran fata ne kawai. Wanda ya haddace cewa kore shi ne na gamawa, ya je ya shafa koren Dovo a fatar askarsa ta kullum, zai rasa dalilin da aska ke ƙara kaushi a fuska. Abin da ya kamata ka tambaya shi ne wace irin ƙwaya ce a ciki da kuma girmanta. Wadda za ta yi maka kuwa, ƙarfen wuƙarka ne zai faɗa, da dutsen da ka gama washi a kansa, da aikin da wuƙar za ta yi.

Tauri da girman ƙwaya

Ƙwaya ba ta cin abin da ya fi ta tauri. A ma'aunin tauri na Mohs, wanda ya tsaya a 10, jan garin tsatsa yana tsakanin 5.5 da 6.5, yashi 7, koren kuromiyam oksaid 8 zuwa 8.5, alminiyam oksaid 9, daimon 10. Ƙarfen wuƙar da aka ba wuta da kyau yana faɗawa ne wajen 6 zuwa 7. Kada lambobin su ruɗe ka, matakan ba daidai suke ba: daimon ya ninka alminiyam oksaid tauri kusan sau uku zuwa huɗu, ko da yake maki ɗaya ne tsakaninsu.

Girma kuma da maikiron ake auna shi, kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin mutum yana tsakanin maikiron 50 da 100. Ƙwayar dutsen Japan mai lamba 1000 ta haura maikiron 10, ta mai lamba 4000 wajen 3 ce, ta mai lamba 8000 kuma ɗaya da 'yan kai. Daga nan za ka gane kuskuren da ake yawan yi: mutum ya tashi daga dutse mai lamba 1000 ya faɗa kan sinadarin maikiron 0.25 yana jiran wuƙa ta zama madubi. Ƙwayar ta yi ƙanƙanta, ba za ta share zane mai zurfin wancan dutse ba, sai dai ta goge tudun zanen ta bar kwarin. Ka yi ta ja har sau ɗari, zanen na nan, bakin kuma ya fara dunƙulewa. In sheƙi kake so bayan dutsen 1000, maikiron 6 ko 3 ne ya kamata ya fara shiga, sannan 1. In geza kawai kake son cirewa, maikiron 1 ya wadatar.

Akwai wani abu da fata ke yi wanda dutse ba ya yi. Ƙwaya tana nutsewa cikinta, kanta kawai ke leƙowa. Saboda haka maikiron 3 a kan fata ya fi laushin aiki a kan maikiron 3 ɗin da aka shafa wa katako.

Kore

Shi ne wanda aka fi sani, kuma ga mafi yawan mutane shi ne amsar. Sai dai kore iri biyu ne, kuma bambancinsu ba ƙarami ba ne.

Na farko shi ne sandar da ake sayarwa kamar sabulu a shagunan kayan maƙeran zinariya da masu goge ƙarfe da inji. An yi ta ne domin faifan ƙyalle mai juyawa, inda zafin juyi ke narkar da kakin. Galibinta gauraye ne: alminiyam oksaid mai yawa, koren kuromiyam gwargwado, sai kaki da kitse. Ba a cika rubuta girman ƙwaya a jikinta ba, kuma ƙwayoyin ba su zo daidai da juna ba, akwai ƙanana akwai masu ɗan girma. Wannan ba aibi ba ne ga wuƙar kicin, ko ta baduku, ko cizal ɗin kafinta. Gaurayen ma shi ke sa ta ci ƙarfe da hanzari. Ko sandar Veritas ta Kanada, wadda masassaƙa ke yabo, kamfanin da kansa ya ce haɗin kuromiyam ne da alminiyam oksaid, mai barin zane mai matsakaicin girman maikiron 0.5. Sanda guda mai nauyin giram 100 ko fiye za ta yi wa mutum ɗaya shekaru in a fata kawai yake shafawa.

Na biyu shi ne kuromiyam oksaid zalla, wanda ke zuwa a gari ko a kwaɓe, yawanci maikiron 0.5. Launinsa kore ne mai duhu, kuma yana rina duk abin da ya taɓa. Yana cin ƙarfe a hankali, amma bakin da yake bari yana da laushi a fatar mutum, shi ya sa masu askar gargajiya ke ƙaunarsa. In gari ka samu, ɗebi kimanin rubu'in ƙaramin cokali, ka ɗiga masa farin man keken ɗinki ɗigo uku ko huɗu, ka murza da yatsa har ya haɗe, sannan ka shafa. Kada ka kwaɓa da man gyaɗa ko man ja, suna yin ɗoyi da danƙo in sun daɗe a fata.

A wane ƙarfe kore ke aiki? A duk ƙarfen da maƙeri ya ƙera daga sifirin ɗin mota ko tsohuwar zarto, a ƙarfen wuƙa irin wanda ake kira 1095, a ƙarfen cizal da bakin injin fere katako na hannu, da mafi yawan wuƙaƙen da ba sa tsatsa na kasuwa. Waɗannan duka ba su da wani abu a cikinsu da ya fi ƙarfin ƙwayar. Inda yake gazawa za mu zo wurin.

Yadda za ka gane sanda mai kyau kafin ka dogara da ita: shafa kaɗan a guntun fata, ka goga bayan cokalin da yake sheƙi sau goma. Ka duba a hasken rana. In ka ga sheƙin ya ƙaru, fatar kuma ta yi baƙin zane, sanda ce mai ci da laushi. In ka ga dogayen karce jefi-jefi a cikin sheƙin, akwai manyan ƙwayoyi a ciki, ka bar ta wa gatari da adda. In kuwa fatar ta tsaya kore shar babu baƙi, kaki ne da launi aka sayar maka.

Fari, baƙi, ƙasa-ƙasa da ja

Fari alminiyam oksaid ne, kuma ya fi kore zalla saurin ci. Inda ya fi burgewa shi ne kan wuƙaƙen kicin masu arha da ba sa tsatsa. Ƙarfensu yana da taushi, taurinsa wajen 52 zuwa 56 a ma'aunin Rockwell, gezarsu kuma tana da naci: ka tura ta hagu ta koma dama, ba ta tsinkewa. Irin wannan geza tana son ƙwaya mai cizo, ba mai lallashi ba. Matsalar fari ita ce faɗin bambancinsa. Wani farin ya fi kore laushi, wani kuma ya kai maikiron da yawa, don haka gwajin cokali ya zama dole. Flexcut Gold, sandar ruwan ɗorawa da masu sassaƙar itace ke amfani da ita, danginsa ce, alminiyam da titaniyam oksaid ne a ciki, kuma tana da taushin shafawa.

Baƙar sandar masu inji ita ce mai kaushi. Tana da amfani ga gatari, adda, lauje, ko wuƙar farauta mai kumburarren baki da ake son farfaɗowa ba tare da an koma dutse ba. Ba ta gamawa ba ce. Ƙasa-ƙasa kuwa ta tagulla ce da alminiyam da azurfa, ƙwayarta ba ta wuce taurin yashi ba, a kan ƙarfen wuƙa ɓata lokaci ce.

Ja garin tsatsa ne da aka tace, na maƙeran zinariya. Da ƙyar yake taɓa ƙarfe mai tauri. Wasu masu aska suna gamawa da shi bayan kore domin ƙarin laushi, kuma wannan kaɗai ne gurbinsa. Mai wuƙar yanka ko cizal da ya saye shi ya yi asarar kuɗinsa.

In ba ka sami ko ɗaya daga cikin sandunan nan ba, man goge ƙarfe na Autosol da masu babura ke goge salansa da shi yana aiki sosai, domin alminiyam oksaid ne mai laushi a cikinsa. A matsa kamar ƙwayar wake, a baza, a bar shi ya bushe tukuna. Lahaninsa shi ne yana saurin ƙarewa a kan fata, sai an riƙa sabuntawa, kuma ruwan da ke cikinsa yana busar da fata in an yawaita. Abin da ba za ka kusanto da shi ba shi ne man girandin da makanikai ke zaunar da bawul ɗin inji da shi. Ƙwayarsa ta fi ta dutsen washinka girma, zai mayar da aikinka baya, kuma fatar da ya shiga ba ta sake komawa ta gamawa. Man goge baki da toka kuma sun yi rauni, jiƙa fatar kawai za su yi.

Daimon, da inda ya zama dole

Ƙarafan wuƙaƙen zamani masu tsada suna ɗauke da wasu ƙwayoyin kabaid a jikinsu, ba irin na masu walda ba, waɗanda su ne ke sa baki ya daɗe bai dakushe ba. Mafi taurinsu shi ne na banadiyam, kuma ya fi alminiyam oksaid tauri, balle koren kuromiyam oksaid. Ƙarafan da ake kira S30V da M390 suna da banadiyam kashi 4 cikin ɗari, S90V yana da kashi 9. In ka goga irin wannan ƙarfe a kan kore ko fari, sinadarin yana cin ƙarfen da ke kewaye da ƙwayoyin ne, su kuwa ba ya iya yanka su. Gefen wuƙar zai yi ƙyalli, amma ƙarshen bakin ba zai fito tsaf ba. Sai mutum ya ƙara ja, ya ƙara dannawa, har ya dunƙule bakin da hannunsa. Daimon yana yanka ƙarfen da ƙwayoyin tare, shi ya sa ja biyar a kansa ya fi talatin a kan kore a wannan ƙarfe. Ƙarfen da ake kira D2 yana tsaka-tsaki: kuromiyam ɗinsa wajen kashi 12 ne, kabaid ɗinsa kuma bai kai alminiyam oksaid tauri ba, don haka fari yana cin sa, da jinkiri dai. Wuƙar tangaran kuwa, farar nan ta kicin mai gautsi, da daimon aka saba wasa ta.

Falalar daimon ta biyu, wadda a ganinmu ta kai ta farko muhimmanci, ita ce an rubuta girmansa a jiki: 6, 3, 1, 0.5, 0.25. Ka san abin da ka saya. In guda ɗaya za ka saya, sayi maikiron 1. Yana cire geza da sauri, yana barin baki da ɗan cizo, ya dace da bayan kusan kowane dutse. Maikiron 3 ko 6 na farfaɗo da wuƙar da ta fara gajiya ne. Maikiron 0.5 da 0.25 na aska ne da masu neman sheƙi, kuma a wuƙar aiki ba za ka ji bambancinsu ba bayan yankan farko.

Yana zuwa ta hanya uku. Akwai kwaɓaɓɓe mai mai a cikin sirinji, galibi giram 5, shi ne mafi arha. Akwai mai ruwa-ruwa da ake ɗigawa, akwai kuma na feshi. Na sirinji mai arha yana da lahani biyu da aka sani: daimon ɗin ciki kaɗan ne, mai ya fi yawa, don haka fata tana yin santsi da maiƙo wuƙa ta riƙa zamewa ba ta ci, sannan ba kowane kamfani ke tace ƙwaya da kyau ba, sai ka tarar da 'yan manya a cikin wanda aka rubuta wa 0.5. Ga wuƙa wannan ba babbar damuwa ba ce, ga aska kuwa babba ce. Na ɗigawa da na feshi sun fi tsada, amma suna bushewa su bar ƙwaya zalla a kan fata, kuma shafi ɗaya yana daɗewa domin daimon ba ya saurin lalacewa. Za ka ga ana tallan wani mai ƙwaya dunƙule guda da wani mai ƙwayar da ke farfashewa ta fito da sababbin kaifafa. Na biyun ya fi tsada, kuma a kan fata mai lotsawa ribar ba ta kai kuɗin ba.

CBN, wata ƙwayar guga da ake haɗawa a masana'anta, shi ke bin daimon a tauri, shi ma yana yanka kabaid ɗin banadiyam. Wasu masu aska suna fifita shi domin suna jin bakinsa ya fi na daimon sauƙi a fuska. Yana da tsada da wuyar samu, kuma mai wuƙa ba ya buƙatarsa.

Shin daimon yana ɓata ƙarfe na gama-gari? A'a, yana aiki a kansa lafiya lau. Abin dai shi ne wuƙar maƙeri ba ta buƙatar sa, kuɗin da za ka zuba a sirinji gara ka ƙara a sayi dutse mai kyau.

Kowane aiki da bakin da yake so

Nan ne mutane suka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Ba kowace wuƙa ce ke son sheƙi ba. Wuƙar da ake ja tana yanka, irin ta mahauci, ta fiɗa, ta yankan tumatir da igiya, tana aiki ne da ƙananan haƙoran da dutse ya bari a baki. In ka goge su tas da kore sau hamsin, wuƙar za ta aske gashi amma ta riƙa zamewa a kan jijiya da ɓawon tumatir. Irin wannan a tsaya a dutse mai lamba 400 zuwa 1000, a ja sau uku zuwa biyar kowane gefe a kan fari ko daimon maikiron 1, geza ta fita, a tsaya nan.

Kayan da ake turawa su tsaga kuwa, cizal, wuƙar sassaƙa, wuƙar da baduku ke fere bakin fata da ita, su sheƙi ne abincinsu. Kowane zane a bakin cizal zai fito a jikin katako. A nan kore ko Flexcut Gold ba su da na biyu, kuma dabarar ita ce yawan komawa: fatar tana gefenka, kowane minti 15 zuwa 20 na aiki ka ja sau goma kowane gefe, tun kafin bakin ya dakushe. Mai yin haka zai iya daɗewa bai nemi dutse ba.

Aska daban take. Bakinta ya fi na kowace wuƙa siranta, don haka sinadari yana cin sa da sauri. Gugar kullum a kan fata zalla ake yi, sau 40 zuwa 60 kafin aski. Fatar da aka shafa wa kuromiyam zalla na maikiron 0.5 ta lokaci-lokaci ce, sa'ad da aska ta fara jan gashi: sau 10 zuwa 15 ya isa, a goge askar da ƙyalle, a koma fata zalla. Askar Turawa ana kwantar da ita ne gaba ɗaya, baya da baki duka a kan fata, a juya ta kan bayanta. Daimon maikiron 0.25 yana ba da kaifi mai tsanani, amma mutane da yawa suna jin zafinsa a fuska, kore ya fi sauƙi.

Fatar da kanta

Sinadari mai kyau a kan fata mara kyau aikin banza ne. Fata kamar katifa take: in ka danna ta lotsa, da bakin ya wuce sai ta taso ta shafi ƙarshensa, ta dunƙule shi. Saboda haka ana son fata mai tauri, mara kauri sosai, milimita 1.5 zuwa 3, a manna ta da gam a kan miƙaƙƙen katako mai tsawon santimita 20 zuwa 25 da faɗin 5 zuwa 7. Wadda aka jeme da tsirrai ta fi wadda aka jeme da sinadarin masana'anta, domin ta fi tsayuwa kuma ta fi riƙe ƙwaya. A nan muna da sa'a, jimar gargajiya ta Kano da Sakkwato da bagaruwa ake yin ta. Jemammiyar fatar saniya da dukawa ke yin kube da takalmi da ita ta dace. Fatar akuya siririya ce, kuma in an manna ta da kyau babu kumburi, sirantar ma alheri ce domin ba ta da wurin lotsawa. A guji fatar jaka mai taushi da wadda aka shafe da fenti mai ƙyalli, da bel ɗin roba mai kama da fata.

Ɓangaren ciki mai kaushi ya fi kama sandar kaki, shi ya dace da kore, fari da baƙi. Ɓangaren gashi mai santsi ya fi dacewa da daimon da garin kuromiyam. Kowane sinadari da fatarsa. In ka shafa maikiron 6 a fata, ta zama ta 6 har abada, ko ka kankare ba za su fita duka ba. Rubuta lambar a jikin katakon, kuma ka goge wuƙa da ƙyalle kafin ka tashi daga mai kaushi zuwa mai laushi.

Shafawa, da abin da ke lalacewa

Sanda ana zana ta ne a kan fata, layi-layi a karkace, har launi ya bayyana amma kana iya hango fatar a ƙasa. Lokacin hunturu sanda tana ƙandarewa ta riƙa fashewa maimakon ta kama. Ajiye ta da fatar a rana na minti biyar zuwa goma, sannan ka shafa ka murza da tafin hannu. Kada ka kai fata kusa da garwashi, tana ƙanƙancewa. Da bazara kuma kada a bar sanda a cikin mota ko ƙarƙashin kwano, za ta yi laushi ta shafu da yawa. Daimon na sirinji ɗigo huɗu ko biyar kamar ƙwayar shinkafa ya ishi fata guda, a baza da yatsa ko tsohon katin roba. Na feshi sau biyu ko uku, a bar shi ya bushe sarai kafin wuƙa ta hau, aƙalla rabin awa.

Yawan shafawa shi ne kuskure na ɗaya. Kaki mai kauri yana taruwa gudaji-gudaji, wuƙa ta riƙa hawa kansa tana sulɓewa, ƙwaya ba ta taɓa ƙarfe. In ka ga kaki yana manne wa gefen wuƙa, ya yi yawa, kankare shi da bayan wuƙar.

Na biyu kusurwa. Ana jan wuƙa ne bayanta na gaba bakinta na biye, in ka tura baki gaba za ka yanke fatar. Riƙe kusurwar da ka yi washi da ita, ko ka rage ta da digiri ɗaya ko biyu saboda lotsawar fata. Hanyar gane ta: kwantar da wuƙar, ka ɗan tura bakin gaba a hankali kana ɗaga bayan, inda ka ji ya fara kama fata nan ne iyaka, sai ka sauko kaɗan. A ƙarshen kowane ja a tsaya a ɗaga wuƙar sama sak. Murɗa wuyan hannu a ƙarshen ja, wanda hannu ke yi da kansa in an yi sauri, shi ke dunƙule baki fiye da komai.

Na uku nauyin hannu. Nauyin wuƙar da ɗan ƙari kaɗan ya isa, ja biyun ƙarshe kuma su fi sauƙi. In wuƙa ta fi kaifi kafin ta hau fata, kada ka zargi sinadarin, ka duba kusurwa da danni.

Baƙin da fata ke yi ƙarfe ne da aka ci, alamar aiki ce, ba datti ba. Fata baƙa tana ci gaba da aiki. Sai ta yi ƙyalli da santsi, ka daina jin tana riƙe wuƙa, sannan za a kankare saman a sake shafawa. In sai an sa sanfefa, a yi amfani da mai lamba 220 ko sama, a kaɗe fatar da buroshi sosai, domin ƙwayar sanfefa guda da ta maƙale za ta riƙa karce kowace wuƙa.

Ƙura ma haka take yi. Ƙurar hunturu tana ɗauke da yashi wanda ya kai ƙarfen wuƙa tauri ko ya fi, kuma ƙwayoyinsa sun ninka maikiron 0.5 sau da yawa. Fata mai kaki da aka bari a buɗe a kan benci kwana biyu ta riga ta kwashe shi. A sa kowace fata a ledarta ko a naɗe ta da ƙyalle mai tsabta, a shafe ta da tafin hannu kafin a fara. Wuƙar abinci kuma a wanke ta da sabulu bayan guga, kaki da garin ƙarfe ba na ci ba ne.

Ga wanzamai da masu shagon aski akwai abin da ya fi kaifi muhimmanci. Fata ba ta dafuwa, ba a iya kashe ƙwayoyin cutar da suka shige ta, kuma cutar hanta nau'in B da ƙanjamau suna bin jini. Askar da ta taɓa jikin mutum a wanke ta, a tsabtace ta da tafasasshen ruwa ko maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta bushe, kafin ta hau fata, sannan a sake tsabtace ta bayan guga kafin ta taɓa wani. Fatar da jini ya taɓa a cire ta daga katakon a jefar, a manna sabuwa.